Darasin Addini da Tarbiyya a Sakandare: Tambayoyin Iyaye da Malamai a Sudan

Waɗannan tambayoyi daga bakin iyaye da sababbin malamai na tattaro su, mafi yawa a unguwanninmu na Hausawa a Gadarif, wasu kuma 'yan'uwa ne suka aiko daga Mai Wurno da Kassala da Madani. Darasin addini nake koyarwa a sakandare, saboda haka amsoshin na malamin aji ne. Inda magana ta kai ga fatawa, a koma wa malaman fiƙihu na gari. Abin da ya fi damuna, kuma za ku ga ina ta komawa kansa, shi ne ɗan shekara 15 zuwa 18 yana ɗauke da tambayoyi na gaske game da addininsa da rayuwarsa, amma yakan ajiye su a bakin ƙofa ya shigo aji da hadda kawai.

Wane matsayi darasin addini yake da shi a sakandare?

Sakandare a Sudan shekara uku ce, tana ƙarewa da jarrabawar Shahada Sudaniyya. Tarbiyya Islamiyya na cikin darussa huɗu na dole, tare da Larabci da Ingilishi da lissafi, kuma makinta yana shiga cikin nisba, wato jimillar maki cikin ɗari da ake ɗaukar ɗalibi jami'a da ita. Ɗalibi Kirista yana rubuta Tarbiyya Masihiyya a madadinta. A ciki akwai ayoyin hadda da tafsirinsu, da hadisai, da aƙida, da fiƙihun ibada da na mu'amala, da hukuncin iyali, da sira. Tun da maki ne mai shiga nisba, babu ɗalibin da yake wasa da shi. Illar kuma ita ce da yawa sun ɗauke shi wurin tara maki mai sauƙi, a haddace, a zuba a takarda, a manta.

Malam, ɗana ya sauke Alƙur'ani a khalwa, wato makarantar allo, ya karanta Ahalari da Ishmawi a gaban kakansa. Me wannan darasi zai ƙara masa in ba ruɗani ba?

Baba, Allah ya saka muku da alheri, kun yi naku. Yaron da ya zo da wannan guzuri ya yi wa abokansa nisa. Ruɗanin da kake tsoro kuwa yana faruwa, amma rashin bayani ne yake kawo shi.

Yaronmu ya tashi da ruwayar Warshu, da rubutun da kakanni suka zo da shi daga yamma, inda fa'un take da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ya shigo aji, littafin da ke hannun malami da ruwayar Hafsu aka buga shi. Ya miƙe ya karanta "yuminuna" babu hamza, kamar yadda aka biya masa a allo. Malami ya ce kuskure ne, aji ya kwashe da dariya. Daga ranar nan, ko dai ya raina karatun gidansu, ko ya tsani na makaranta. Alhali Warshu daga Nafi'u ya ruwaito, Hafsu daga Asimu, Duri da ake karantawa a khalwowi da yawa na Sudan kuma daga Abu Amru, dukkansu ƙira'o'i ne tabbatattu. A farkon shekara nakan sa ɗalibai biyu ko uku su karanta Fatiha, kowa da ruwayarsa, aji ya ji da kunnensa inda wani ya ja "maaliki" wani ya taƙaita. Daga nan sai in ce: a takardar jarrabawa ku rubuta yadda yake a littafin makaranta, a salla kowa ya karanta abin da ya iya da kyau. Haka nan batun sakin hannu da ɗora shi a salla. Yaro ya san cewa abin da ya ga mahaifinsa yana yi yana da asali a mazhabar Malikiyya, abin da maƙwabcinsa yake yi shi ma yana da hujja.

Abin da sakandare take ƙara masa kuwa shi ne dalili. Ahalari ya koya masa tsarki da salla da ƙabli da ba'adi tun yana ƙarami, ya karɓa bai tambaya ba, kuma daidai ne a wancan lokaci. Yanzu ya balaga, alƙalami ya hau kansa, yana shiga kasuwa, yana riƙe waya. Yana bukatar sanin me ya sa aka haramta riba, me ya sa aka raba gado haka, kuma ina hukuncin ya faɗa a kan abin da yake yi da hannunsa.

Yara suna cin maki 90 da ɗoriya a darasin addini, amma halinsu bai canja ba. Laifin wa?

Takardar jarrabawa abin da aka tambaye ta take aunawa. Tana iya gane wanda ya haddace sharuɗɗan tuba, ba ta da hanyar gane wanda ya mayar wa mai kanti canjin da ya wuce. Don haka kada a yi mamaki idan maki ya yi sama hali yana ƙasa.

Mu malamai muna da kaso babba a laifin. Idan shekara ta ƙare ɗalibi bai taɓa jin an ambaci wani abu da ya shafi gidansu ko gonarsu ko abokansa a darasin ba, dole ya ɗauka addinin aji daban, rayuwa daban. Sannan yara suna karanta malami fiye da yadda suke karanta littafi. Ustaz ya koyar da babin amana da safe, hisa ta gaba, wato darasi na gaba, ya shigo a makare bai ba da haƙuri ba. Ya karanta ayar da ta hana laƙabin banza, sannan ya kira wani yaro daƙiƙi a gaban aji. Ya ɓoye rabin bayani sai wanda ya biya kuɗin darasin yamma. Ɗan shekara 16 ba ya bukatar a fassara masa wannan. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce an aiko shi ne don ya cika kyawawan halaye. Malamin da ya karanta wa yara wannan hadisi ya ɗora wa kansa nauyi kafin ya ɗora musu.

Ni sabon malami ne. Yaya zan sa babin mu'amala ya yi rai? Yara barci suke yi.

Ɗan'uwa, kana zaune a ƙasar dawa da riɗi, misalai sun kewaye ka. Tun a 1934 aka buɗe cibiyar horar da malamai ta Bakhtar Ruda kusa da Duwaim, kuma abin da aka san ta da shi shi ne haɗa darasi da rayuwar ƙauyen da yaro ya fito. Wannan dabara ba ta tsufa ba.

Ɗauki zakkar amfanin gona. Nisabi wasƙi 5 ne, kowane wasƙi sa'i 60, wato sa'i 300, kimanin kilo 650. A buhu mai kilo 90, buhu 7 ne da ɗan ƙari. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da kashi ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da wahala da kuɗi, kamar na injin ban ruwa, kashi ɗaya cikin ashirin. Rubuta a allo: manomi ya samu buhu 40 na dawa a damina, nawa ne zakkarsa? Buhu 4. In da famfo ya shayar fa? Buhu 2. Sai wani ya ɗaga hannu ya ce riɗi fa? A mazhabar Malik riɗi yana cikin abin da ake fitar wa zakka, tare da zaitun, saboda mai da ake samu daga gare shi. Wani kuma zai tambaya ko abin da Diwanin Zakka ya karɓa a kasuwar amfanin gona ya isar. Nan darasi ya tashi daga barci.

Sai shail, wanda kowane ɗan manomi ya san zafinsa. Manomi ya karɓi kuɗi ko kaya a hannun ɗan kasuwa da damina, a kan zai biya da buhuna in an yi girbi, a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na kaka. Ka koya musu cinikin salam da sharuɗɗansa: a biya kuɗin gaba ɗaya tun farko, a san mudu ko nauyi, a san lokaci. Sannan ka tambaye su: idan sharuɗɗan sun cika amma ɗan kasuwa ya yi amfani da yunwar manomi ya danne farashi, ya kuɓuta a wurin Allah? Bar su su yi gardama. A nan ne suke gane cewa ingancin ciniki a fiƙihu bai ɗauke wa mutum tausayi da adalci ba, kuma a nan fiƙihu da tarbiyya suke haɗuwa.

Gado ma haka. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ɗa ɗaya, 'ya'ya mata biyu, iyayensa sun riga shi, gonarsa faddan 32. Mata tana da tumuni, faddan 4. Saura 28: ɗa 14, kowace 'ya 7. Lissafin ba wuya. Abin da nake tsayawa a kansa shi ne tambayar da take biyo baya: a gidaje nawa ne 'yan matan suke karɓar nasu faddan 7 a hannu? Aji yakan yi tsit, don kowa ya san wata gwaggo da aka ce mata ta bar wa 'yan'uwanta maza su riƙe mata, har ta tsufa ba ta ga komai ba.

Tun da yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, akwai kuma tambayar da ba ta taɓa fashi: mutum ya tura kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, mai shago ya ba shi tsaba ya cire wani kaso. Ladan aiki ne ko riba? Ka karanta musu hadisin musayar zinari da zinari, daidai wa daida, hannu da hannu, ka bayyana yadda malamai suka ɗora kuɗin takarda a kansa, sannan ka tura biyu daga cikinsu su kai tambayar wurin malamin da gari ya yarda da fatawarsa, su dawo wa aji da amsa.

Idan ɗalibi ya yi tambayar da take kama da shakka ko rashin kunya fa?

Ka gode wa Allah da ya kawo ta gabanka. Tambayar da malami ya ƙi ji ba ta mutuwa, wurin wani take tafiya, kuma yawanci wurin wanda bai kai ka sani ko tsoron Allah ba.

A cikin Musnad na Imamu Ahmad akwai labarin saurayin da ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a yi masa izinin zina. Mutane suka taso masa. Annabi ya ce ya matso kusa, ya zaunar da shi, ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa. Kowace ya ce a'a. Sannan ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Duba tsarin: kusantarwa, tambayar da za ta sa yaron ya yi tunani da kansa, sannan addu'a. Babu tsawa, kuma hukuncin bai sassauta ba.

Nakan ajiye gwangwani mai murfi a kan tebur, kowa ya rubuta tambayarsa ba suna ya jefa, ranar Alhamis mu buɗe. Abin da yake fitowa a ciki ya sha bamban da abin da ake ɗaga hannu a tambaya. Wani yana son sanin ko sallarsa ta karɓu alhali zuciyarsa ba ta wurin. Wani ya ga mahaifinsa yana tauye mudu, yana tambaya ko faɗa masa rashin biyayya ne. Idan aka zo kan abin da bai zauna maka ba, ka ce za ka bincika, kuma ka cika alkawari mako mai zuwa. Imamu Malik da kansa ya shahara da yawan cewa bai sani ba, bai rage masa daraja ba.

Malam, 'yata tana jin nauyin tambayar hukuncin haila da wanka. Wa ya kamata ya koya mata?

Hajiya, in da hali malama mace. Yawancin sakandaren gwamnati a nan na maza daban, na mata daban, amma ba kullum ake samun malamar addini ba. Inda namiji ne yake koyarwa, ya karantar da babin da mutunci, a fili, ba tare da tsallakewa ko raha ba, sannan a nemi wata malama ko uwa mai ilmi a unguwa da 'yan matan za su kai wa tambayoyinsu. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Mu ma muna da gadonmu a wannan fanni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman da suke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru inda jajis suke kai karatu ga mata har ƙauyuka. Yarinyar da ta san wannan ba za ta ɗauka tambayarta abin kunya ba ce.

Kada a manta samari. Su ma suna da tambayoyin janaba da mafarki, kuma sau da yawa ba su da wanda za su tambaya sai abokai.

A ajina akwai 'ya'yan Tijjaniyya da Ƙadiriyya da Ansarus Sunna. Yaya zan yi?

Ka ƙara da Khatmiyya da Sammaniyya da Ansar mabiya Mahdi, Sudan ke nan. Kai ma kana da naka ɓangaren, ba wanda ya ce ka bar shi, amma allon aji ba mumbarinka ba ne. Ka koyar da abin da aka haɗu a kansa da ƙarfi. Inda aka saɓa, ka faɗi maganar kowane ɓangare yadda masu ita za su ji su ce e, haka muke cewa. Doka ɗaya nake kafawa tun ranar farko: ba a kafirta kowa a ajin nan, ba a zagin shehin wani ko malamin wani. Yaron da ya koma gida yana kallon kakansa a matsayin ɓatacce saboda abin da ka faɗa, ka ɓata zumunci, kuma za a tambaye ka.

Bayan abin da yaran nan suka gani a yaƙi, ta ina ake fara maganar tarbiyya?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a wurina. Da yaƙin ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 makarantu suka rufe, da yawa a Gadarif da Kassala suka zama masaukin waɗanda suka gudo daga Khartoum, sannan daga Madani a ƙarshen 2023, sannan daga Sinja da kewayenta a tsakiyar 2024. 'Yan ajin ƙarshe na 2023 sai a ƙarshen Disamba 2024 suka zauna jarrabawarsu, wasu a yankunan da ake faɗa ko ita ba su samu ba. Ɗalibin da ke gabanka ya girmi ajinsa. Wataƙila ya binne wani da hannunsa, ko ya yi kwanaki a hanya da ƙafa, ko shi ne yake ciyar da gida.

Kada ka yi gaggawar rufe masa baki da cewa ƙaddara ce. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma ba ya hana kuka, kuma ba ya wanke azzalumi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Babin hijira da a da muke wucewa da sunayen wurare da shekaru, yanzu yara suna karanta shi da wani ido. Sun san ma'anar barin gida da abin da hannu zai iya ɗauka, sun san mene ne mutanen gari su buɗe maka ƙofa.

Akwai kuma tambayar da dole a fuskanta: kayan wawaso. Firji ko waya ko babur ana sayarwa a rubu'in kuɗinsa, kowa ya san daga gidan wani aka kwaso. Hukuncin a fili yake. Wanda ya san kayan sata ne bai halatta ya saya ba, kuma kayan yana nan a matsayin na mai shi ko hannu nawa ya ratsa. Amma a aji ina da ɗan wanda aka kwashe wa gida da ɗan wanda ya saya, suna zaune a benci ɗaya. Ba na kiran suna, ba na nuna yatsa. Nakan tsaya a kan ƙofar tuba da mayar da haƙƙi, da abin da mutum zai yi in bai san mai kayan ba, wanda shi ma tambaya ce ta kai wa malamai.

Sannan a nuna musu alherin da suka gani da idonsu. Takaya da aka riƙa dafa abinci a unguwanni ana rabawa kyauta, samarin da suka riƙa ɗaukar marasa lafiya, gidajen da suka sauki baƙi ba dangin iya ba na baba. Da yawa cikin ɗalibanmu sun yi wannan aiki da kansu. A gaya musu cewa abin da suka yi shi ne babin da ke shafi kaza na littafinsu.

Ana yi wa ɗana gori a makaranta saboda shi Bahaushe ne. Darasin addini yana da abin cewa?

Yana da shi, kuma malamin da ya yi shiru ya ci amanar darasin. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da laƙabi, ta ce an yi mu al'ummomi da ƙabilu don mu san juna. Lokacin da Abu Zarri ya yi wa wani mutum gori da uwarsa, Annabi ya ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Bayan rikicin ƙabilanci da ya faru a jihar Nilu Shuɗi a 2022, inda aka rasa rayuka masu yawa, ba mai cewa wannan magana wasa ce.

A gida kuma ku ba yaro tarihinsa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin kogi kusa da Sinnar, a garin Mai Wurno da yake ɗauke da sunansa har yau. Wasu kakanninmu hanyar hajji ta kawo su da ƙafa, suka tsaya noma, suka yi aikin auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Yaron da ya san wannan ba ya sunkuyar da kai. Amma a gaya masa ayar ta hau kansa shi ma. Abin da muke faɗa a tsakar gida game da wasu ƙabilu, yara suna ji.

Ya halatta in yi bayani da Hausa a aji?

Karatu da jarrabawa da Larabci ne, kuma yaranmu suna bukatar Larabci mai ƙarfi. Amma in ka ga ma'ana ta tsaya wa yaro, jimla biyu da Hausa bayan hisa ko a gefe ba laifi ba ne. In ajin gauraye ne, kada ka mayar da shi hira tsakaninka da 'yan yarenku.

Ɗalibai Kirista fa?

Ba a tilasta musu zama a darasin, ba a kuma yi musu habaici. Sau da yawa nasu darasin a coci suke ɗaukarsa saboda ƙarancin malamai. Mu da muke kusa da Gallabat da iyakar Habasha muna da misali a hannu: hijirar farko ta sahabbai wurin Najjashi aka yi ta, sarki Kirista da Annabi ya shaide shi da cewa ba a zaluntar kowa a wurinsa.

Ba bulala ce take gyara yaro ba? Mu da ita aka yi mana.

Kawu, na san da ita aka yi wa yawancinmu, kuma na san hadisin umartar yara da salla a shekara bakwai da dukansu a kanta a shekara goma. Wancan magana ce da aka yi wa iyaye, kuma malamai sun kewaye ta da iyakoki. Saurayi mai gemu yana tsirowa, ka kwantar da shi a gaban ɗaburin safe, wato taron ɗalibai kafin shiga aji, abin da ka koya masa shi ne ya ƙware a ɓoyewa. Ibn Khaldun ya rubuta tun ƙarni na 14 cewa tsanani ga ɗalibai yana kai su ga ƙarya da yaudara da kasala, don suna nuna abin da ba shi ne a ransu ba saboda tsoro. Nana A'isha ta ce Annabi bai taɓa dukan mace ko hadimi ba. Balle yanzu da wasu yaran ƙarar murfin tebur ma tana firgita su.

Horo yana nan. Wanda ya zagi wani ya ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ji zagin. Wanda ya fasa ya gyara. Wanda ya maimaita a kira mahaifinsa, a zauna da shi. Ya fi bulala cin lokaci, shi ya sa ake gudunsa.

Satar amsa ta zama ruwan dare, har a takardar addini. Me za a ce musu?

Sun san hadisin da ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, wasu ma a bakhra, wato 'yar takardar satar amsa, suke rubuta shi su shiga da shi. Abin da yake taɓa su shi ne a nuna musu wanda aka cuta. Kujerun jami'a ƙidayayyu ne, da nisba ake raba su. Makin da ka sata, kujerar wata yarinya ce da ta yi karatu da fitilar waya a ajin da aka mayar masauki. Kuma mai gadin jarrabawa da ya kau da kai don tausayi ya shiga cikin laifin.

Yarona ya fi yarda da malaman TikTok da WhatsApp fiye da na gari. In ƙwace wayar?

Ƙwacewa ba ta daɗewa, zai ara. Gara a koya masa tantancewa. Muhammad bin Sirin ya ce wannan ilmi addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku. Nakan ce kowa ya kawo hadisi ɗaya da aka turo masa a waya, mu bi sawunsa: wa ya ruwaito, a wane littafi, me malaman hadisi suka ce a kansa. Idan suka ga da idonsu cewa saƙon da aka ce a tura wa mutum goma ba shi da asali, sukan fara taka tsantsan da kansu. Ayar da ta ce a bincika labari kafin a ɗauka ta shafi hoton gawa da muryar da ake yaɗawa cewa ƙabila kaza ta yi kaza. Danna turawa ɗaukar magana ne, kuma a 'yan shekarun nan mun ga inda irin wannan ta kai gari.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Me zan iya yi a gida?

Inna, abu mai yawa. Ki ce ya karanta miki abin da aka yi yau ya fassara miki da Hausa. In ya iya fahimtar da ke, ya gane, in ya kasa, shi ma zai ji inda ya tsaya. Ki sa shi ya lissafa zakkar gidan da kansa in kaka ta yi. Kada ki aike shi ya ce wa mai bin bashi ba kya nan. Ki zo makaranta ko ba a kira ki ba, don malami ya san yaron yana da mai bibiya.

In kuma lokacin yankan riɗi ya zo, wajen Oktoba, kuma dole ne ya tafi gona saboda riɗi ba ya jira, a zo a gaya mana tun kafin ya ɓace. Za mu nuna masa babukan da zai riƙe, mu haɗa shi da abokin da zai ajiye masa rubutu har ya dawo.